Gonar da Na Nome Rabi

Tawa, tsakiyar damina

Zuwa ga Uwata, Dakta Ramatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wagga takarda ta same ki lafiya duk inda kinka buɗe ta, ko cikin motar Yamai, ko cikin jirgi, ko can ƙasar da anka ce wani lokaci rana tana faɗuwa tun mutum bai yi la'asar ba. Allah ya tsare miki hanya, ya sauke ki lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da miya marar yaji. Na cusa takardar cikin ƙullin cukun da innarki ta ɗaure miki, don na san shi za ki fara nema. In kin ga tabo a bisa rubutun, maiƙo ne, kada ki ce ubanki ya yi kuka.

Ki yi haƙuri da hannun rubutun. Kin san a CM2, ajin ƙarshe na firamare, lakwal ta sallame ni. Ni da sartifika mun hangi juna daga nesa, munka ɗaga wa juna hannu, kowa ya kama gabansa. Mushe Lawali, malamin lakwal ɗin nan maƙwabcinmu Badamagare, ya ce in kawo ya gyara mini. Na ƙi. Mutumin da ya shekara da shekaru yana koyarwa, in ya ɗora jan bik, alƙalaminsa na gyara, a nan, babu abin da zai tsira sai sunana.

Ga abin da ya zaunar da ni. Ran nan kina tsakar gida kina taya innarki tsinkar zogale, ni ina zaure na rufe fuska da hula kamar mai barci. Na ji kin ce mata can inda za ki, abin da suke dubawa shi ne sau nawa wasu masana sunka ambaci rubuce-rubucen mutum. Kin ce masu aikin masara da alkama su ake ta ambato, ke kuwa da kike bin 'yan ciyayin Adar ɗaya bayan ɗaya, naki a hankali yake tafiya. Kin ce wataƙila in kin je ki canza layi. Sannan kinka rage murya kinka ce: "Inna, ki ce wa Baba ya ba Baffa Idi gonar Barmu ya shuka hatsi baɗi. Ya sha gori ya isa haka." Innarki ta ce to. Ni ban ce komi ba, tunda barci nake.

Ba zan ce miki yi ko bari ba. Ke ce Dakta, ni direba ne da ya aje sitiyari. Amma akwai abu guda da na tara fiye da kowa a unguwarmu, shi ne kuskure. Bari in ɗebo miki kaɗan, ki yi guzuri.

In fara da na kusa. Wanga zance na ambato, Mushe Lawali ne ya fassara mini shi. Ya ce: "Mamman, in masani ya rubuta abin da ya gano, wani masani a wata ƙasa ya karanta ya jingina nasa aikin a kai, dole ya rubuta sunan mai shi. Akwai inda ake tara wannan lissafin." Ya buɗe mini a salula, sai ga hotonki da gyale, ga takardunki jere, ga lamba a gefe. Ya nuna mini inda zan taɓa. Wallahi, Uwata, da ya sani da bai nuna mini ba. Tun daga ranar, in na dawo masallaci da safe, kafin in nemi koko sai na duba ki. In lambar ta motsa, sai in sa babbar riga in nufi wurin mai shayi, in zauna ina tari har wani ya tambaye ni lafiya. In ba ta motsa ba, sai in ce rezo ne, layin salula bai kawo ba. Har bisa turmi na taɓa hawa ina ɗaga salula sama. Innarki ta fito ta ce: "Malam, sauko kada ka fasa mini turmi. Mutanen nan ko tashi barci ba su yi ba, wa zai ambaci ɗiyarka?"

Kin tuna safiyar da kinka dawo daga daji, ƙafafunki duk ƙarangiya, kinka durƙusa kina gaishe ni? Idona na kan salula. Na ɗaga miki hannu na ce: "Dakata, ina duba ki." Ga ki a gabana da ranki da lafiyarki, ni kuwa ina neman ki cikin gilashi. Innarki har yau in tana son ta ba baƙi dariya, da wannan take farawa. To, shawarata: kada ki gaji ubanki. Lambar nan kamar hadari take, kallonta ba ya sa ta zubo. Ki bar mini aikin dubawa, na riga na saba, kuma ba ni da wani aikin. Ke ki dubi abin da ke gabanki.

Na biyu ya fi tsufa, kina goye lokacin. Kin san hanyar Takanamat na yi ƙuruciyata, da tsohuwar motata da mutane sunka laƙaba mata Sai Gobe, har sunan ya bar motar ya dawo kaina. Hanya ce ta rairayi da kori, wato busassun ƙoramu, fasinjanta mata masu buhunan hatsi, Buzaye da akuya a cinya, da malamin asibiti da anka tura can yana ta tambaya ko mun kusa. A tasha kuwa, 'yan kamasho daga safe har yamma sai ihu suke: "Ƙonni! Ƙonni! Maraɗi! Yamai!" Takanamat, sau ɗaya ake faɗinta, a hankali, kamar ana ba da haƙuri. Abin ya dinga cin raina. Na ce ni ma ina son in bi hanyar da ake kiran sunanta da ƙarfi. Na wanke mota, na sa mata sabon madubi, na koma layin Ƙonni.

Uwata, na isa na tarar da motoci kamar garken tumaki, duk sun fi tawa ƙuruciya. Sai ka wuni kana jiran layi. Fasinja ya zo, ya dubi Sai Gobe, ya dube ni, ya ce zai ɗan sha ruwa ya dawo. Har yau bai dawo ba. Sunan hanyar ake ta kira, gaskiya ne, amma nawa ba wanda ya sani. Rannan ina zaune bisa bonet ina korar ƙuda, sai ga wata tsohuwa 'yar Takanamat ta zo asibiti, ta gane ni. Ta riƙe haɓa ta ce: "Sai Gobe, kai ne nan? Mu muna can muna kasa kunne, mun ce ko ka mutu." Ashe a can, tun daga nesa suke gane tarin injina, mata su fara fito da kaya bakin hanya. Kafin a yi girbi na koma, kunya kamar ta kashe ni. Sunka tarbe ni da fura, sunka kuma zage ni son ransu.

Ban ce masara ba ta da daraja ba, ni ma ina cin tuwonta in an rasa hatsi. Na dai ce kafin ki shiga layin da ake ihunsa, ki ƙirga motocin da ke gabanki, ki kuma tambayi kanki wa zai bi hanyar da kinka bari. Mushe Lawali ya karanto mini garuruwan waɗanda sunka ambace ki. Wasu sunayen ko shi sai da ya yi tuntuɓe a kansu. Ya ce duk mutanen ƙasashen fari ne, masu rairayi irin namu. Waɗannan, in sun kasa kunne, tarin injinki suke jira.

Na uku gajere ne, don ba na son tuna shi. Dabarar rage wa taya iska in mota ta kafe cikin rairayi, wani tsohon direba Buzu ne ya koya mini, sunansa Agali. Shekaru sunka wuce, ina wurin mai shayi ina ba samarin direbobi labari, na ce ni na ƙirƙiro ta da kaina, wata rana tsakanin Tawa da Takanamat, Allah ya buɗe mini basira. Sai na ji an taɓa kafaɗata. Wani mai rawani a bayana, ido kawai ake gani, ya ce: "Madalla, Mamman. Ranar da Allah ya buɗe maka basirar, wa ya riƙe maka taguwa kana kuka?" Ashe Agali ne da kansa. Samarin nan sai da ɗaya ya faɗo daga benci. Na shekara ban sake shan shayi a wurin ba. Don haka, ke da kike son a ambace ki, ki riƙa ambaton wasu. Tsofaffin masanan da sunka riga ki taka wanga daji, da matan da sunka gaya miki wace ciyawa ake ci a shekarar yunwa, da wanda ya ɗauke ki a kabu-kabu ya jira ki cikin rana, kowa ki ba shi wurinsa. Mai rawani yana iya kasancewa a bayanki.

Yanzu ga babban, wanda kin san shi, don ke anka yi wa. Amma ba ki taɓa jin shi daga ɓangarena ba.

Shekarar da kinka roƙe ni gonata ta Barmu, kin ce za ki kewaye ta da waya, kada a shuka, kada a nome, kada dabba ta shiga. Kina son ki ga mi ƙasa za ta fitar da kanta in an ƙyale ta, ki rubuta kowane tsiro, damina bayan damina. Na ce to, don ban taɓa iya ce wa mai sunan uwata a'a ba. Amma ban auna abin da na ɗauka ba. Ke kin girma a Tawa, ba ki san mi ake nufi da gonar da ba a nome ba. A ƙauye, gonar mutum fuskarsa ce. Wanda ciyawa ta ci gonarsa, ko ciwo ya kwantar da shi, ko ba shi da kowa, ko kuwa malalaci ne na ƙarshe. Ni kuwa ga ni da ƙafafuna, ga tumbi.

Shekarar farko na daure. Ta biyu, da na je Barmu suna, tun daga bakin gari anka fara. Wani ya ce: "Sai Gobe, barka da aiki, bana ƙarangiyarka ta yi kyau." Wani ya ce: "Yaushe za ka yanke tsidau, mu zo taya ka ɗauri?" Wata tsohuwa, ƙawar uwata, ba ta yi dariya ba. Ta kama hannuna ta ce: "Ɗana, in babu ƙarfi ne ka faɗa, ba mu bari gonar Ramatu ta lalace muna kallo." Ramatu uwata take nufi. Wannan ita ta karya ni. Na ce wa Idi ya kira gayya. Na ce a raina, ai ɗiyata ma za ta ji daɗi, a share mata wuri ta ga tsirranta da kyau, ba cikin wannan cunkoso ba. Kin ji basirar ubanki.

Da safe maza sunka jeru da hauya, anka buɗe waya, ana kiɗa ana ihu, ni ina gaba na ɗaure ɗamara kamar saurayi. Rabon da in ji daɗin jikina haka har na manta. Mun kai tsakiyar gona sai na ji kukan babur. Na waiga, sai ga ki kin diro tun bai tsaya ba, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hanya, kina ɗaga hannu biyu kina cewa: "Baba! Baba! Don girman Allah!" Makaɗi ya ɗauka murna kike, ya ƙara wa ganga wuta.

Ba ki yi mini faɗa ba, da ma kin yi. Kin tafi kusurwar gabas, wajen tsohuwar aduwa, kin durƙusa kina tona ciyawar da munka kwantar. Kin ɗago wani ɗan abu da bai kai yatsana ba, mai ɗan fure shuɗi, saiwarsa a sama. Kin ce a duk yawonki na Adar, nan kawai kinka gan ta, kuma ba ta kai ga zubar da iri ba. Kin faɗi sunanta na boko, mai tsawo kamar addu'ar liman, ni dai Gimbiya nake ce mata tun daga ranar. Maza sunka tsaya jingine da hauya. Daga can baya Idi ya ce a hankali: "Yaya, to tuwon gayyar fa, a ci ko a bari?" Kin yi dariya da hawaye a fuska. Anka ci.

Abin da kinka yi bayan nan shi ne dalilin da nake ba ki wanga labari. Ni na ɗauka aiki ya mutu. Ke kuwa bayan kwana biyu kinka ja igiya daidai inda hauyarmu ta tsaya, kinka ce yanzu gona biyu gare ki, wadda anka nome da wadda ba a nome ba, za ki ga yadda kowace za ta farfaɗo. Mushe Lawali ya ce cikin takardunki duka, wadda ta fito daga wannan igiya ita anka fi ambato. Ya kuma nuna mini layin da kinka rubuta cewa mai gonar ya nome rabi bisa kuskure. Mai gonar! Ni ke nan. Ashe ina cikin ilimi tsundum, masana a ƙasashe suna karanta aikina. Na so a ce kin sa sunan, amma da na yi tunani na ga gara haka.

Shawara a nan, ki riƙe ta da kyau: can ma za ki haɗu da masu hauya. Wani zai ɓata miki aiki da kyakkyawar niyya, wani lokacin ke za ki ɓata da hannunki. Kada ki ɓoye, kada ki watsar. Ki ja igiya inda ɓarnar ta tsaya, ki rubuta gaskiya, ki ci gaba. Kuma kada gori ya sa ki ɗauki hauya. Ni gorin mutanen Barmu ya sa na nome abin da ba a nomewa. Ke naki gorin lamba ce cikin salula. Duk ɗaya ne, sai dai naki ba ya zuwa da ganga.

Gimbiya dai ba ta sake fitowa ba. Kowace damina kina zuwa kusurwar nan ki duba, ki dawo ki ce: "Ba komi, Baba, iri yana iya kwanciya cikin ƙasa ya yi ta jira." Ni kuwa na san don ki sanyaya mini rai kike faɗi.

To, shekaranjiya da na ce muku zan je Barmu gaisuwa, ba gaisuwa ba ce. Saƙonki na tafi isarwa, wanda ban ji ba don ina barci. Na sami Idi na ce ya zo mu zagaya gonar in nuna masa iyaka, baɗi ya shuka. Murna har kunne. Muna tafe yana lissafin damman da zai ɗaure. Uwata, rabon da in shiga gonar da ido buɗe an daɗe. Nobe yana ƙamshi, gamba ta kai mini ƙugu, 'yan anza da jiga sun taso inda da babu komi sai fako, fara tana tashi ta ko'ina. Munka iso gindin aduwa. Na sunkuya in cire ƙaya daga takalmi.

Tana nan.

Ba ɗaya ba, 'yan uwa ne a tare, sun ɓuya bayan wani dutse, kowace da ɗan shuɗin furenta. Na san ta. Mutum ba ya manta fuskar wanda ya kashe. Na zauna daɓas a ƙasa. Idi ya ce: "Yaya, lafiya? Maciji ne?" Na ce: "Idi, matsa baya, kada inuwarka ma ta taɓa ta." Ya leƙo ya ce: "Wannan 'yar abar ce ta hana ni gona?" Na ce ita ce. Ya daɗe yana kallo. Can ya ce: "Wallahi kuwa tana da ɗan kyau." Kafin in tashi, baffanki da ya zo karɓar gona shi ne ke ɗebo duwatsu yana kewaye ta, yana zagin wata akuya da ke leƙe ta bayan waya.

Ban tsinke ba, ban taɓa ba, ban ma yi numfashi da ƙarfi ba. Na ɗauki hoto yadda kike yi. Na tuna kina aje ɗan ma'auni a gefe don a san girman tsiro, ni kuwa ba ni da shi, sai na aje hulata. Na kai an wanke hoton, yana cikin wagga takarda, ki duba bayan shafin ƙarshe. In ba Gimbiya ba ce, to ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya.

Za ki ce don mi ban gaya miki da baki ba. Don na san ki. Da kin ji, da kin bar jirgi ya tafi, kin hau babur da takalmi ɗaya. Ki tafi, Uwata. Ki je ki koyi abin da za ki koya, ki shiga manyan ɗakunan binciken nan, ki ga masara da alkama ki gaishe su. Abin da kinka zaɓa, da albarkata. Amma saƙon da kinka ba innarki, ban cika shi ba, kuma ba zan cika ba. Na ce wa Idi gona ba ta bayuwa. Ya ce to shi fa? Na ce baɗi zan zo in taya shi noma a tasa, tunda duniya ta shaida na iya. A hanyar fita gari wani ya ɗaga murya: "Sai Gobe, yaya ciyawa?" Na ce: "Alhamdu lillahi, ta yi fure. Taka fa, wa ya taɓa karanta ta?"

Abu ɗaya nake jira daga gare ki, kuma da gaggawa. Furen zai bushe, iri zai zuba. In tara miki ne cikin takarda, ko in bar shi ya faɗi inda yake? Da kin sauka ki kira ki gaya mini, dalla-dalla, kamar kina magana da ɗan CM2. Ba zan sake yin komi a gonar nan da basirata ba.

Innarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa rufe kunnuwanki saboda sanyi. Mushe Lawali yana gaishe ki. Idi ya ce a gaya miki shi ne mai gadin Gimbiya, a san da shi. Allah ya kiyaye ki a tafiya da zama, ya tsare ki daga sharrin mutum da na hanya, ya sa albarka a idonki da alƙalaminki, ya maido mana ke lafiya kafin wata damina ta sauka a Barmu. Amin.

In kuma kin rubuta labarin dawowarta, ba sai kin sa sunana ba. Amma hular da ke cikin hoton, a faɗi ta wa ce.

Ubanki,
Mamman Sai Gobe, mai gonar